WAI SHIN WA KE DA YAREN MAYU A JIMETA?

 

Yau ina so ne in taɓo wata magana wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, to amma Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganar ita ce wannan ɗabi'a da wasunmu suka ɗauka ta kiran harshen maƙwabtanmu da sunan "yaren mayu". Mutum ya ji tsohuwa tana magana da jikarta da harshen da ta gada kaka da kakanni, don shi bai gane ba sai ya tofar da yawu ya ce kurwarsa kur. Abin da nake son tabbatarwa a wannan rubutu shi ne, babu wani harshe a doron ƙasa da Allah Ya halitta don mayu. Inda kawai ake samun yaren mayu shi ne a cikin fim, kuma can ɗin ma mutane ne suke zama da biro da takarda su ƙirƙira shi a biya su kuɗi. Don haka bari mu fara daga can, sannan mu dawo gida.

YAREN MAYU NA CIKIN FIM

Na san da yawa daga cikin matasanmu sun kalli fim ɗin nan mai suna Dune, wanda Denis Villeneuve ya shirya, kashi na farko ya fito a 2021, na biyu kuma a 2024. Asalinsa littafi ne da wani Ba'amurke mai suna Frank Herbert ya wallafa a 1965. Labari ne na ƙirƙira a kan wani zamani mai nisa nan gaba, lokacin da 'yan Adam suka bazu a duniyoyi barkatai a sararin samaniya. Ɗaya daga cikin duniyoyin nan ita ce Arrakis, hamada ce zalla, ruwa ya fi zinariya tsada a cikinta, mutanenta kuwa ana kiransu Fremen.

A cikin labarin akwai wata ƙungiya ta mata zalla mai suna Bene Gesserit. Tun suna yara ake horar da su har sai sun mallaki kowace jijiya ta jikinsu, suna iya gane mai ƙarya daga muryarsa, suna kuma da wata irin murya da idan suka ba mutum umarni da ita sai ya bi kafin ya ankara. Saboda haka ne sarakuna da sojojin cikin labarin, waɗanda ke tsoronsu, suke kiransu mayu. Daga cikin abubuwan da matan nan suka sani akwai wani tsohon harshe mai suna Chakobsa, wanda su ma Fremen suke amfani da shi.

To ga inda darasin yake, mai karatu. Lokacin da Jessica, ɗaya daga cikin matan ƙungiyar kuma mahaifiyar jarumin labarin, ta sauka a Arrakis a matsayin baƙuwa, wata tsohuwa 'yar ƙasa mai aikin gida ta zo mata da wuƙa a ɓoye don ta gwada ta. Abin da ya fara buɗe wa Jessica ƙofa shi ne ta san ma'anar laƙabin tsohuwar a harshen Chakobsa, wato mai ɗebo ruwa a rijiya. Daga nan tsohuwar ta fara kallonta da wani ido daban. Ka ga ke nan a wannan wuri babu tsafi ko ɗaya. Baƙuwa ce ta zo ƙasar mutane da harshensu a bakinta, harshen ya cece ta. Mu ma baƙi ne a ƙasar mutane, sai mu riƙe wannan a zuciya kafin mu ci gaba.

Shi kansa sunan Chakobsa ba Herbert ne ya ƙago shi ba. Ya tsinto shi ne daga wani littafin tarihi na Lesley Blanch da ya fito a 1960, a kan yaƙin da Imam Shamil ya yi da Rasha a duwatsun Kaukasus. A can, sunan wani zaurance ne da manyan mafarauta suke yi a tsakaninsu. Haka kuma ya kwaso kalmomin Larabci da na Musulunci ya zuba a labarin, irin su Mahdi, jihad da Lisan al-Gaib. Wato abin da Bature mai karatu a 1965 yake ji kamar kalmomin wata duniya, mu nan ɗan makarantar allo ya san su.

Da aka zo yin fim ɗin, sai aka ɗauko wani masanin harsuna mai suna David Peterson ya gina wa Chakobsa nahawu da kalmomi. Shi ne ya ƙirƙiro harshen Dothraki na shirin Game of Thrones. Shi da abokiyar aikinsa Jessie Sams kuma su ne suka ƙirƙiro harshen Menishe, wanda mayu ke yi a wani shiri mai suna Motherland: Fort Salem da aka fara a 2020. Kafin su, Marc Okrand ya gina harshen Klingon na Star Trek har ya fitar da ƙamus ɗinsa a 1985, Paul Frommer kuma ya gina Na'vi na fim ɗin Avatar na 2009. Sana'a ce sukutum, mutum ya yi karatun jami'a a kanta yana cin abinci da ita.

DA MU MA AN YI

Kafin wannan sana'a ta kankama, masu fim na Amurka wata hanya mai sauƙi suke bi. Idan suna son harshen dodanni ko na halittun sama, sai su aro harshen wasu mutane na nesa da suke ganin babu mai ganewa. A fim ɗin Star Wars na 1983, akwai wata halitta mai faffaɗan kunne da ake kira Nien Nunb. Wani ɗalibi ɗan Kenya mai suna Kipsang Rotich ne ya yi muryarta, kuma har da harshen Kikuyu ya yi amfani. Turawa suna jin yaren wata duniya, da fim ɗin ya isa Nairobi kuwa sai 'yan kallo suka ji halittar sama tana magana da harshen gidansu.

Yanzu ga wadda ta shafe mu kai tsaye. Kowa ya san fim ɗin Black Panther na 2018, da matan nan masu aske kai masu gadin sarkin Wakanda, waɗanda ake kira Dora Milaje. A fim ɗin harshen Xhosa na Afirka ta Kudu aka yi amfani da shi. Amma a littattafan zane na asali, inda Christopher Priest ya ƙirƙiro matan a 1998, cewa aka yi ba sa magana da kowa sai sarki, kuma da wane harshe? Da Hausa! Dalili kuwa shi ne a ƙasar ta Wakanda ba kowa ke jin ta ba, sai ta zama musu harshen sirri.

Jama'a ku duba wannan al'amari. Hausar da muke cinikin tumatur da ita a kasuwar Jimeta, Hausar da uwa ke yi wa ɗanta faɗa da ita, ita ce wani marubuci a Amurka ya ɗauka a matsayin harshen asiri na wata ƙungiyar mata masu ban tsoro. Shin Hausa ta canja ne da ta haye teku? Ko kusa. Kunnen mai saurare ne ya canja. Duk harshen da ba ka ji, zai iya zame maka na aljanu in ka ga dama. Wannan ita ce gaba ɗayan hikimar yaren mayu, babu wata bayanta.

NAMU JANGAREN

Kada wani ya ce wannan duk sha'anin Turawa ne. Mu ma muna da duniyarmu ta ƙirƙira tun kafin a san silima. 'Yan bori suna da birnin Jangare, inda suka ce iskoki ke zaune da sarkinsu da fadawansu. Wani mai bincike, Fremont Besmer, da ya zauna da 'yan bori a Kano, ya lissafa gidajen birnin goma sha biyu a littafinsa na 1983. Ba ina tallata bori ba ne, Allah Ya tsare mu, ina so ne mu lura da abu guda. Idan aka ce iska ta hau mutum, da wane baki take magana? In Barhaza ce, sai ka ji Hausa irin ta Bafilatanar ruga. In Bagwariya ce, sai ka ji Hausa irin ta Gwarawa. In iskokin Turawa ne, sai ka ji guntun Turanci ko Faransanci ana ba da umarni kamar a bariki. Ashe ke nan da Bahaushe ya tashi ba aljani harshe, bai je ko'ina ba, bakin maƙwabcinsa ya kwaikwaya. Daidai abin da masu Star Wars suka yi wa Kikuyu.

Harshenmu ma kansa shaida ne a kanmu. Wanda bai iya Hausa ba mun ce masa baubawa. Maganar da ba ta fita daidai ba mun ce gwaranci, daga sunan wata al'umma guda mai tarihinta da sarakunanta. Kalmar "yare" kuwa mun mayar da ita zagi, har muna cewa wane ɗan yare ne, kamar dai tamu Hausar daga sama aka saukar da ita.

A finafinanmu na Hausa ma haka zancen yake. Da zarar an nuno boka, sai ka gan shi cikin kogo da jan ƙyalle da ƙwarya, yana ta zuba wasu sautuka marasa kai da gindi. Babu wanda ya zauna ya tsara su. Ɗan wasa ne kawai yake kwaikwayon yadda harsunan mutanen dutse suke faɗa masa a kunne. Yaron da ya tashi yana kallon wannan a Luggere ko Nassarawo, ranar da ya ji maƙwabciyarsu tana waya da 'yan uwanta na ƙauye, me kuke zaton zai fara zuwa masa a rai?

Alhali kuwa in ana neman masu magana a ɓoye, mu ne gwanaye. Wace yarinya ce a gidajenmu ba ta iya zaurance ba, inda "mu tafi" ke komawa "mudu tada fidi"? Mahauta suna da nasu. Mu 'yan kasuwa muna da kalmomin da muke faɗa wa juna farashi a gaban mai saye ba tare da ya gane ba. Ba wanda ya taɓa kiran wannan maita, wayo muke ce masa.

A ƘASAR WA MUKE?

Mu tuna inda muke zaune. Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a 1841, a yankin da Batawa da Verre suke tun da can. Kakanninmu fatauci ne ya kawo su, wasu kuma malanta da sana'ar hannu. Turawa sun ci Yola a 1901, Jimeta kuma ta bunƙasa ne saboda tashar jiragen ruwa ta kogin Binuwai da kamfanonin da ke sayen kayan gona. Ni kaina mahaifina kasuwa ce ta kawo shi, a nan aka haife ni, a nan na yi sakandare. Ba mu da wani gida da ya fi nan, amma mun tarar da masu gida.

Jihar Adamawa, wadda aka cire daga tsohuwar Gongola a 1991, tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna a Nijeriya. Akwai Fulfulde, Bachama, Bata, Mbula, Margi, Kilba, Kamwe, Gude, Fali, Chamba, Mumuye, Verre, Yungur, Lunguda, Kanakuru, Ga'anda da sauransu da dama. Kusan duk waɗannan mutane sun koyi Hausa. Da ita suke ciniki, da ita da yawansu suke wa'azi a coci da masallaci, da ita 'ya'yansu ke wasa a layi. Mu fa? Mutum ya shekara arba'in a Doubeli ko Jambutu, bai iya ko "ina kwana" da harshen mutumin da katanga ɗaya ta raba su ba. Ko sunayen da suke kiran kansu da su ba mu damu mu sani ba. Bachama da Bata sunansu Bwatiye. Kilba suna ce wa kansu Huba. Waɗanda muke kira Higi kuwa sun sha faɗa cewa sunansu Kamwe, wancan ɗin ba sa son sa.

Ga wani abin da zai ba wasu mamaki. Masana ilimin harsuna, irin su Joseph Greenberg da Paul Newman, sun nuna cewa Hausa tana cikin wani dangi da ake kira harsunan Chadi. Su wa ke cikin dangin nan tare da mu? Bachama, Bata, Margi, Kilba, Kamwe, Gude. Kakanmu ɗaya da su ta fuskar harshe. Ka tambayi Bamargi yadda ake cewa huɗu, za ka ji ya ce foɗu, kai kuma ka san a wasu sassan ƙasar Hausa fuɗu ake cewa. Bafilatani kuwa nayi zai ce, domin Fulfulde wani dangi ne daban, 'yan uwanta suna can Senegal. Don haka duk wanda ya kira Margi yaren mayu, to ya sani ɗan uwan harshen uwarsa ya zaga. Kuma kada mu manta, a bakin Fulanin da muke zaune a ƙarƙashin Lamiɗonsu, mu ma Haɓe ne. Kowa baubawan wani ne.

Wannan raini yana da sakamako. Yaron da ake yi wa dariya a makaranta don ya yi harshensu, gobe ba zai koya wa ɗansa ba. A nan Adamawa harshen Holma ya riga ya mutu, masu shi sun koma Fulfulde. A Bauchi, harsunan Ajawa da Kubi sun mutu, masu su sun koma Hausa. A Amurka ana biyan mutum ya ƙago harshen da ba a taɓa yi ba, mu kuma ga na gaske Allah Ya ba mu kyauta a ƙofar gida, muna kashe su da dariya.

INDA WASA KE ZAMA JINI

Da a ce abin ya tsaya a ba'a ne, da ban ɓata lokacinku ba. To amma duk mun san yadda zargin maita ke tafiya a unguwanninmu. Yaro ya kwanta da zazzaɓi, zafin jiki ya hau masa kai ya fara sambatu. A cikin sambatun ya ambaci sunan wata. Maimakon a nufi asibiti a auna jininsa a ga ko maleriya ce ko taifot ko sanƙarau, sai a ce an kama kurwarsa. Sai a tara matasa a je a jawo matar, a ce sai ta tsallaka shi, wani lokacin ma a tuɓe ta a gaban jama'a. Idan aka yi sa'a abin ya tsaya a nan. Idan ba a yi ba, sai duka da jifa da ƙona ɗaki.

Ku lura da irin wadda ake jawowa. Ba a taɓa zuwa gidan mai kuɗin unguwa. Kullum tsohuwa ce, ko bazawara, ko 'yar haya wadda ba ta da dangi a kusa. Kuma in har Hausarta ba ta nuna ba, to ta shiga uku, domin duk abin da ta faɗa da harshenta don neman agaji, shi za a ce ai ga shi nan tana kiran mutanenta na ɓoye.

A 2014, lokacin da Boko Haram suka kama Madagali, Michika da Mubi, dubban mutane sun kwararo Yola da Jimeta. Wasu sun zauna a sansanoni irin na Malkohi da Damare, mafi yawa kuwa a gidajen jama'a suka raɓa, kuma har da gidajen Hausawa aka sauke su, Allah Ya saka wa waɗanda suka yi. A cikinsu akwai tsofaffin da ba su taɓa barin ƙauyensu ba, waɗanda suka ga an kashe 'ya'yansu a gabansu. Irin wannan tsohuwa in ta zauna ita kaɗai tana surutu da Margi ko Kamwe, ciwon zuciya ne ke cin ta. Na taɓa ganin wata irinta a kasuwa tana ƙirga canjinta a hankali da harshensu, wani yaron shago ya ja da baya yana tofe-tofe, na kusa da shi suna dariya. Ƙidaya kawai baiwar Allah take yi, ɗaya, biyu, uku.

Wanda yake ganin ƙaramin abu ne, ya tuna abin da kafafen labarai suka ruwaito a watan Nuwamba na 2022, cewa 'yan Boko Haram sun kashe mata fiye da ashirin a yankin Gwoza, nan maƙwabtanmu, bisa zargin maita bayan 'ya'yan wani kwamandansu sun mutu. Duk mun la'anci wannan aiki. To amma tunanin da ya haife shi, shin ya bambanta da na masu jawo tsohuwa ta tsallaka yaro? Makami ne kawai ya bambanta.

Sannan mu 'yan ci-rani mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron hukuncin taron jama'a. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, aka kashe goma sha shida daga cikinsu bisa zargin wai masu satar mutane ne. Babu kotu, babu shaida. Baƙi ne, kamanninsu daban, harshensu daban, shi ke nan. Mun yi kuka, kuma muna da gaskiya. Amma wanda ya yi kukan Uromi, bai kamata a same shi cikin masu jifan baƙuwa a Jimeta ba. A nan gida ma mun ga abin da ya faru a Numan a 2003 da 2004, mun san yadda ƙaramar magana ke cinye dukiyar shekara talatin cikin yini guda. In wuta ta tashi, shagunan wa ke bakin titi?

MASU CEWA...

Na san wani zai ce, kai yaro, kana musun sihiri ne alhali ya zo a Alƙur'ani? Ban musa ba. Amma samuwar sihiri daban, ɗora shi a kan wance 'yar wane daban. Sata ma akwai ta, amma ba a yanke wa mutum hukunci don yaro ya yi mafarkinsa. Addinin da ya tabbatar da sihiri shi ne ya hana mu yawan zato a cikin Suratul Hujurat, shi ne kuma a Suratur Rum ya lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah. Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa. Ina aka ce wani harshe na shaiɗanu ne? Kuma tsakaninmu da Allah, bokayen da mutanenmu ke bi da dare, da wane harshe suke surkullensu? Da Hausa ne da gurɓataccen Larabci. Masu kai musu kuɗi don a karya kishiya ko a rufe kasuwar abokin gaba, ba daga dutse suka sauko ba.

Wani kuma zai ce, ai zaginmu suke yi da yaren nasu. Wataƙila wani lokacin haka ne. Mu ma abin da muke yi ke nan a Sabo ta Ibadan, a Agege, a zangon Kumasi. Maganin wannan a hannunka yake: koyi harshen, sai ka ji da kunnenka. Na tabbata mafi yawan abin da za ka ji bai wuce tsadar masara da kuɗin makarantar yara ba.

Wani zai ce, tunda kowa na jin Hausa, wahalar me zan sha? Wannan ita ce maganar da ta fi ba ni haushi daga bakin ɗan kasuwa. Inyamurin da ya zo Jimeta, kafin shekara ta zagayo ya iya Hausa har da karin magana, domin ya san harshe jari ne. Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba da bebanci suka yi ciniki ba. Sun koyi harsunan hanya, sun yi aure a can, shi ya sa aka karɓe su. Mu ne muka zo muka ga an sauƙaƙa mana, sai muka mayar da alherin mutane ya zama hujjar raina su.

ABIN YI

Shawarata ba ta da tsada. Kowane ɗayanmu ya zaɓi harshe guda na maƙwabtansa ko na masu sayen kayansa, ya koyi gaisuwa da godiya da ƙidaya zuwa goma. Fara da Fulfulde in ka ga dama, "jam na" da "useko" ba za su karya maka harshe ba, sannan ka wuce zuwa Bachama ko Margi ko Chamba. Ka gwada gaida tsohuwa da harshenta ka ga yadda fuskarta za ta sauya.

Iyaye su daina barin yara suna kwaikwayon maganar mutane don dariya. In ɗanka ya ce wance mayya ce, ka tsawata masa kamar yadda za ka yi in ya zagi limamin unguwa.

Masu shirya finafinan Hausa, in dole sai bokanku ya yi wani harshe, to ga sassan nazarin harsuna nan a jami'o'inmu na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Ku nemi ɗalibi guda ya tsara muku na ƙirƙira wanda bai yi kama da na kowa ba, kamar yadda masu Dune suka yi. In ba za ku iya ba, ku bar shi ya yi Hausa, domin ita bokayen gaske suke yi.

Masu unguwanni da limamai kuma su riƙa sanar da jama'a cewa zargin mutum da maita laifi ne a dokar ƙasa. Dokar Final Kod da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ta hana shi, har da hukuncin ɗauri. In yaro ya fara sambatu, asibiti za a nufa da shi tun kafin a fara neman sunan wanda za a ɗora wa. In kuma ka ga an taru a kan wata baiwar Allah, kada ka tsaya kallo ko ɗaukar hoto da waya. Ka kira mai unguwa, ka kira 'yan sanda, in kana da bakin magana ka shiga tsakani.

'Yan uwa, zama da mutane amana ne. An karɓe mu a ƙasar nan, an koyi harshenmu, an ba mu aure, an saya mana kaya. Mafi ƙarancin abin da za mu rama da shi shi ne mu bar wa mutane mutuncin harshen iyayensu. Wanda yake da ja a kan abin da na faɗa, ƙofa a buɗe take, amma ya zo da hujja.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Adamawa da Nijeriya baki ɗaya, Ya kare mu daga zaluntar wanda ba shi da gata, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.

Wassalam.

Naku,
Ɗan Kasuwar Jimeta